Tsohon zomo da maganin ciwo na kullum: a ci gaba ko a riƙa hutawa?

Maman Toka:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu zomaye. Shawara nake nema a kan zomona Toka, wanda ya haura shekara 8. Likitan dabbobi ya ɗauki hoton ƙashinsa, ya ce amosanin gaɓoɓi ne ya kama masa ƙugu da ƙashin baya. Ya rubuta masa meloksikam na ruwa, maganin ciwo da kumburi, ya ce a riƙa ba shi kullum, mai yiwuwa ma har ƙarshen rayuwarsa. Gaskiya tun da ya fara sha na ga canji, ya koma yana tsayawa a kan ƙafafun baya yana wanke fuska, abin da ya daɗe bai yi ba. Amma hankalina bai kwanta ba, domin na san irin wannan magani yana taɓa ƙoda. Kada garin gyaran ƙafa a ɓata ƙoda. Akwai wanda ya daɗe yana ba nasa?

Malam Mai Kiwo:
Wa alaikumus salam. Ni a ganina tsufa ba cuta ba ce. Zomon gida da ake kula da shi yakan kai shekara 8 zuwa 12, kin ga naki ya shiga sahun dattawa, dole ya rage tsalle-tsalle. Ki ba shi na ɗan lokaci ya samu sauƙi, sai ki ajiye kwalbar. Ranar da kika ga ciwon ya motsa ki ɗauko. Magani kullum ba hutu, ban ga yadda jikin ɗan wannan dabba zai ɗauka ba.

Anti Nas:
Maman Toka, tsoronki yana da tushe. Mutane nake jinya, ba dabbobi ba, amma meloksikam dangin su ibuprofen da diklofenak ne, kuma mun san abin da suke yi wa tsofaffi idan an daɗe a kansu: gyambon ciki da raunin ƙoda. Yadda suke aiki shi ne su hana jiki sarrafa wani sinadari mai suna purostagilandin, wanda ke kawo kumburi da zafi. Matsalar ita ce shi dai wannan sinadari ne ke buɗe wa ƙoda hanyoyin jini a lokacin da ruwa ya yi ƙaranci a jiki. Idan ka toshe shi a jikin da ya bushe, ƙoda ce ke shan wahala. Don haka na fi karkata ga maganar Malam, sai dai ina so in ji ta bakin masu ilimin dabbobi.

Abu Zomaye:
Malam, da girmamawa, inda ban yarda da kai ba shi ne batun a jira sai an ga ciwon ya motsa. Wa zai gani? Zomo dabba ce da ake farauta, a daji duk wanda ya nuna rauni shi ake fara kamawa, saboda haka ɓoye ciwo a jininsa yake. Ba ya kuka, ba ya ɗingishi a gabanka sai abin ya ci ƙarfinsa.

Bari in faɗi abin da na gani a jikin zomanyata da ta tsufa. Ba ta taɓa yin wata ƙara ba. Abin da ya fara bayyana shi ne ƙazanta a gindinta. Kun san zomo yana fitar da kashi iri biyu, akwai busasshen nan mai dunƙule-dunƙule, akwai kuma mai laushi da yake lanƙwasowa ya cinye kai tsaye daga duburarsa, domin a ciki yake samun wasu sinadaran gina jiki. To ita bayanta ya ƙi lanƙwasuwa, sai mai laushin ya riƙa manne mata a gashi. Daga nan kunnuwanta suka cika da dauɗa, saboda ba ta iya ɗaga ƙafar baya ta sosa. Sai ta fara fitsari a gefen kwandonta, don tsallaka bakinsa ya zame mata aiki. Idan za ta motsa sai ta ja ƙafafun bayan a tare, a hankali, ta tsaya, ta sake ja. Duk waɗannan ciwo ne, amma mai kallo daga nesa cewa zai yi tsohuwa ce kawai ta zama ƙazama. Ta daɗe tana shan meloksikam kullum a ƙarƙashin kulawar likita, ana duba jininta, kuma gindinta ya koma tsaf da kanta.

Hajiya Mai Zomanya:
Wallahi Abu ka faɗi gaskiya a kan ƙazantar nan. Kuma ba abin rainawa ba ce, domin ƙudaje na yin ƙwai a jiƙaƙƙen gashi, tsutsa ta fito ta fara cin naman zomon yana raye, cikin yini ɗaya ko biyu sai a rasa shi.

Likitan Dabbobi:
Sannunku da muhawara. Maman Toka, ban ga Toka ba, don haka ba zan canza abin da likitansa ya rubuta ba, amma zan faɗi yadda muke auna wannan al'amari.

Anti Nas, duk abin da kika faɗa game da ƙoda haka yake, kuma ya shafi zomo. Inda zan ƙara shi ne, mutane kan ɗora haɗarin magani a sikeli su manta ba su ɗora haɗarin ciwon a ɗaya ɓangaren ba. Zomon da ke jin ciwo yakan rage ci. Hanjin zomo kuwa ba ya son hutu, an halicce shi ne ya yi ta tura ciyawa dare da rana. Da zarar ci ya ragu, hanjin ya yi sanyi, iska ta taru, cikin ya ƙara ciwo, cin ya ƙara raguwa. Wannan tsayawar hanji tana cikin manyan abubuwan da ke kashe zomayen gida. Haka kuma wanda ba ya motsi naman cinyarsa yakan zube, gaɓar ta rasa abin da ke tallafe ta. Yana zaune wuri ɗaya, fatar diddigensa ta fara gyambo, domin zomo ba shi da tsokar tafin ƙafa irin ta kare ko kyanwa, gashi ne kawai tsakanin fatarsa da ƙasa. Mafitsararsa ma ba ta zubar da fitsari duka, sai alli ya kwanta a ciki ya zama laka, tunda fitsarin zomo dama yana ɗauke da sinadarin kalsiyam mai yawa. Ashe barin ciwon ma ba zaman lafiya ba ne.

Malam Mai Kiwo, amosanin gaɓoɓi ba ya zuwa ya tafi. Guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwa ne ya cinye, kuma ba ya dawowa. Kumburin yana nan kullum, wata rana da sauƙi wata rana da tsanani. Idan aka bari sai ya tsananta sannan a ba da magani, zomon ya riga ya kwana biyu yana wahala a ɓoye, kuma jijiyoyin da suka daɗe suna kai saƙon ciwo sukan ƙara kaifi, har ya zama maganin da da zai isa bai isa ba. Shi ya sa ga wanda hoto ya tabbatar masa da cutar muka fi son a ba shi a kai a kai, a mafi ƙarancin adadin da ke riƙe shi cikin walwala.

A 2014 an wallafa wani bincike da aka yi a Amurka, inda aka ba lafiyayyun zomaye meloksikam ta baki, miligiram 1 a kan kowane kilo na nauyinsu, sau ɗaya a rana har kwana 29, ba a ga ya yi musu illa ba. Ku lura da abu biyu: zomayen lafiyayyu ne, kuma kwana 29 ba shekara ba ce. Saboda haka ga tsoho dogaronmu yana kan gwajin jini. A duba ƙoda da hanta kafin a fara, a kuma riƙa maimaitawa duk bayan wata 3 zuwa 6, gwargwadon yadda likitansa ya ga hali.

Maman Toka:
Na gode Likita, Allah ya saka da alheri. An yi masa gwajin jini kafin a fara, an ce ƙodarsa lafiya. Abin da ya ɗaure mini kai kuma, adadin da aka rubuta masa ya fi wanda ke jikin takardar kwalbar nesa ba kusa ba. Har na yi tunanin ko kuskure aka yi.

Likitan Dabbobi:
Ba lallai kuskure ba ne. Takardar kwalbar ta kare ce ko ta kyanwa, don su aka yi maganin, mu ne muke aronsa wa zomo. Kare yakan ci gaba da shan miligiram 0.1 a kan kowane kilo a rana, shi kuwa zomo jikinsa yana sarrafa maganin ya fitar da shi da sauri, don haka yana buƙatar ninkin wannan sau da yawa. Idan aka ba shi adadin kare, wahalar banza aka yi.

Tunda an zo nan, ga wani wuri da ake yawan tuntuɓe. Maganin, irin su Metacam, yana zuwa da ƙarfi biyu: na kare miligiram 1.5 a kowace mililita, na kyanwa 0.5. Zomon da ke buƙatar miligiram 1.5 zai sha mililita 1 daga na kare, amma mililita 3 daga na kyanwa. Idan kwalba ta ƙare aka sayo ɗayan mai ƙarfi daban aka ci gaba da awon da aka saba, ko dai a ninka masa sau uku ko a rage masa zuwa kashi ɗaya cikin uku. Sannan sirinjin da ke cikin kwalin, lambobin jikinsa nauyin kare ne a kilo, ba mililita ba. Ki nemi ƙaramin sirinji mai mililita 1, ki sa likita ya nuna miki layin da za ki tsaya. A girgiza kwalbar kafin a zuƙa, don maganin yana kwantawa a ƙasa.

Auta:
Yaya Likita, tambaya daga ƙaninku. Wanda ba ya kusa da likitan da ya san zomo fa? Ba zai iya ɓantarar ɗan ibuprofen ko parasitamol na gida ya jiƙa ya ba shi ba? Akwai kuma wanda ya ce mini allurar deksametason tana tayar da dabba nan take.

Anti Nas:
Auta don Allah kar ka soma. Ƙwaya ɗaya ta babban mutum an auna ta ne da jiki mai kilo 60 ko 70, zomo kuwa da yawansu kilo 2 ne. Da me za ka ɓantara daidai?

Likitan Dabbobi:
Anti ta gama magana a kan na gida. Ƙari a kai, zomo ba ya iya amai, abin da ya shiga ya shiga ke nan. Deksametason kuwa da 'yan uwansa na sitiroyid muna gudunsu sosai a jikin zomo, domin suna karya masa garkuwar jiki, cutar da ke kwance ta samu hanyar tashi. Haɗa sitiroyid da meloksikam kuma hanya ce ta gyambon ciki kai tsaye. Haka nan ba a haɗa meloksikam da wani magani danginsa, irin su ibuprofen. Ko da likitan da ke kusa da kai ya fi sabawa da karnuka da kyanwoyi, gara ka je wurinsa, yana da littattafan awon magani kuma yana iya tuntuɓar abokan aikinsa. Ka dai tuna masa abu biyu: ba a ba zomo amoksisilin da danginsa ta baki, suna kashe ƙwayoyin hanjinsa masu amfani har ya mutu, kuma maganin ƙuma mai fipronil, irin su Frontline, guba ne a gare shi.

Hajiya Mai Zomanya:
Ni kuma bari in kawo ɗaya ɓangaren, don kada a ɗauka kullum lafiya ake gamawa. Tawa ta jima a kan meloksikam, sai na lura ruwan kwanonta yana ƙarewa da wuri, shimfiɗarta kullum a jiƙe, kuma idan na shafa bayanta ina jin ƙasusuwan suna tsikarin hannuna. Gwaji ya nuna ƙodarta ta fara rauni. Likita bai ce maganin ne ya jawo ba, ya ce tsofaffin zomaye dama suna samun ciwon ƙoda, akwai ma wata ƙwayar cuta, inkuniku... sunan yana ba ni wuya, da ke zama a ƙoda da ƙwaƙwalwa. Ya rage mata meloksikam ɗin, ya ƙara mata wani maganin ciwo, gabapentin. Kwanakin farko ta yi ta layi tana yawan barci, daga baya jikinta ya saba. Abin da nake so Maman Toka ta ɗauka shi ne, gwajin nan ba ado ba ne, shi ya sa aka gane da wuri.

Likitan Dabbobi:
Hajiya, Encephalitozoon cuniculi kike nufi. Kin kyauta da kika ambace ta, domin ita ma tana kawo raunin ƙafafun baya da karkacewar kai, har a ɗauka amosani ne. Shi ya sa ba kowane zomo mai jan ƙafa ake ɗora wa maganin ciwo a wuce ba, sai an bincika. Haƙori ma haka. Haƙoran zomo ba sa daina girma, na gaba sukan ƙaru da kusan milimita 2 a mako, kuma tsinin turmin haƙori da ke yankar harshe yana sa tsoho ya ƙi ciyawa. Maganin ciwo zai rufe alamar, amma sai an goge tsinin.

Gabapentin ya fi amfani ga ciwon da ya shafi jijiya, kamar wanda ƙashin baya ya matse, kuma ana iya haɗa shi da meloksikam. Shi ma ta ƙoda yake fita, don haka ana daidaita awonsa, kuma ba a dakatar da shi kwatsam. Taramadol ana rubuta shi, sai dai binciken da aka yi ya nuna idan zomo ya sha ta baki kaɗan ne ke kaiwa cikin jininsa, ni ban cika dogara da shi shi kaɗai ba. Bupurenofin na asibiti ne, na ciwo mai tsanani na ɗan lokaci.

Malam Mai Kiwo:
To Likita na ji, kuma na karɓi maganar ɓoye ciwo. Amma har yanzu ina da ja a wuri ɗaya. Zomo ba ya son a ɗaga shi. Tsoho mai ciwon baya, kullum a bi shi a kama, a matse, a tura masa sirinji a baki yana fizge-fizge, wannan ba wata azabar ba ce? Ƙashinsu ba ƙwari, bugun ƙafa ɗaya idan an riƙe shi ba daidai ba yana iya karya masa baya. Sannan ina ganin mutane suna ba da magani su bar dabbar a kan daɓe mai santsi tana zamewa. Ai sai a fara gyara wurin zaman tukuna.

Abu Zomaye:
Nan kam Malam ina bayanka ɗari bisa ɗari, sai dai ba sai an zaɓi ɗaya an bar ɗaya ba. Ni abin da na yi, na yanke gefe ɗaya na kwandon fitsarin ya koma daidai da ƙasa, na shimfiɗa darduma a duk inda take bi, na sa abin kwanciya mai laushi da ke tsotse laima, na sauko da ciyawa da ruwa kusa da inda take kwana. Ruwan ma a kwano, don sun fi sha a kwano fiye da kwalbar tsotso, kuma mai shan wannan magani ruwa ne garkuwarsa.

Batun kamawa kuwa, ni ban ɗaga ta. Maganin yana da zaƙi, ɗanɗanon zuma aka yi masa. Nakan durƙusa a gefenta in miƙa bakin sirinjin ta gefen baki, bayan haƙoran gaba inda akwai wani fili babu haƙori, in matsa kaɗan kaɗan tana lasa. Da ta saba, da kanta take zuwa ta kama bakin sirinjin. Wasu kuma suna ɗiga shi a kan ɗan ganyen da zomon ya fi so, su tsaya har ya cinye. Sai dai idan zomaye biyu ne a wuri ɗaya a kula kada abokin zaman ya riga shi.

Malam Mai Kiwo:
In dai haka ne ba kamawa, to da sauƙi. Sai maganar ƙiba. Zomo mai teɓa gwiwarsa ce ke biya.

Likitan Dabbobi:
Haka ne Malam. A auna shi a sikeli duk mako a rubuta, domin da nauyin ake lissafin maganin, kuma ramewa ba dalili tana cikin alamun farko na ciwon ƙoda ko haƙori. Rage ƙiba a hankali ake yi, ta rage abincin buhu a bar ciyawa a wadace. Ba a taɓa sa zomo zama da yunwa.

Maman Toka:
Likita, ta yaya zan gane ko adadin da yake sha yana isarsa, tunda ba zai nuna ba?

Likitan Dabbobi:
Yana nunawa, a fuska. A 2012 masu bincike a Jami'ar Newcastle ta Ingila sun fitar da ma'aunin gane ciwo a fuskar zomo, abubuwa 5 ake dubawa: runtse ido, shafewar kumatu su rasa cikarsu, hancin da ya tsuke ya yi tsini ƙasa, gashin baki da ya miƙe ya taurare, da kunnuwa da suka naɗe suka kwanta baya. Ki kalle shi daga nesa lokacin da bai san kina kallo ba, kuma ba lokacin da yake gyangyaɗi ba. Ki saurari haƙoransa kuma: ƙaramar karkarwa mai laushi idan kina shafa shi jin daɗi ne, amma niƙa mai ƙarfi da ake ji ƙaras ƙaras, yana zaune a dunƙule, ciwo ne. Ki riƙa ɗaukarsa a bidiyo da waya yana tafiya, sau ɗaya a wata, ki nuna wa likitansa, domin a asibiti tsoro yakan sa ya daskare ba a ga komai. Idan kin lura da yamma yake fi takurewa alhali da safe kike ba shi, ki faɗa, wasu likitocin sukan raba adadin gida biyu, safe da dare.

Baƙuwa a Zaure:
Ku yi haƙuri na shigo a tsakiya. Nawa ma yana kan meloksikam, amma tun daren jiya bai taɓa ciyawa ba, ko ganyen da yake so ya ƙi, kuma ban ga kashi a kwandonsa ba. Yana zaune a lungu. In ba shi na yau, ko in ƙara masa tunda alama ciwo yake ji?

Likitan Dabbobi:
'Yar uwa kar ki ƙara, kuma ki riƙe na yau ɗin har likita ya gan shi. Zomon da ya yi awa 12 bai ci ba bai yi kashi ba, abin gaggawa ne. Mai yiwuwa jikinsa ya bushe, kuma wannan ne ainihin yanayin da Anti Nas ta bayyana, inda maganin ke cutar da ƙoda. A asibiti za a taɓa cikinsa a tabbatar ba toshewa ba ce, a ƙara masa ruwa, a ba shi maganin ciwon da ya dace da halin da yake ciki. Kada ki ɗura masa abinci da ƙarfi kafin a duba, musamman idan cikin ya kumbura ya yi tauri. Ki taɓa kunnuwansa, idan sun yi sanyi ki lulluɓe shi da tawul a cikin abin ɗaukarsa. Ki tafi da kwalbar maganin da sirinjin da kike awo da shi, ki faɗa musu lokacin da ya sha na ƙarshe.

Baƙuwa a Zaure:
Kunnuwan da sanyi. Yanzu zan fita da shi.

Hajiya Mai Zomanya:
Allah ya ba shi lafiya. In akwai abokin zamansa ki tafi da su tare, hankalinsa zai fi kwanciya a hanya.